Takardar da na sa wa hannu ban karanta ba

Ranar da muka kai Hajiya gidan kula da tsofaffi, wata mata mai fara'a ta turo min tulin takardu tana nuna min da biro, nan, da nan, da nan. Na yi ta sa hannu. Ko layi ɗaya ban karanta ba wallahi, don a lokacin kwanana goma sha ɗaya ina barci kan kujerar asibiti, likita kuma ya riga ya ce da wannan shanyewar ɓarin jikin sai an samu mai juya ta dare da rana, ni aikin dare nake, Yaya yana wata jiha can nesa. Kuma don Allah kar wani ya fara min wa'azin ai ba a kai iyaye irin wurin nan, na sha shi har na ƙoshi, wanda bai taɓa riƙe mara lafiya shi kaɗai a Amurka ba bai san me yake faɗa ba.

Ran Lahadi nake zuwa, kuma sun san da haka. Kullum in same ta an mata wanka an zaunar da ita a keke. Sai wata Talata na tashi aiki na ce bari in biya da safe. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Zanin gadon sharkaf, ƙararrawar kiran nas tana ƙasa inda hannunta mai lafiya ba zai kai ba, kofin ruwa ma yana can gefen da ya shanye. Na ce Hajiya tun yaushe kike haka? Ta ce "ba komai 'yar nan, kar ki yi musu faɗa, aiki ne ya yi musu yawa." Da na juya ta na ga ƙasan bayanta, sai da na dafa bango.

Gyambon kwanciya ne. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, ƙashi yana danne fata, jini ya daina zuwa wurin, naman ya fara mutuwa. Ya fi fitowa a ƙasan baya da ƙugu da diddige. Mataki huɗu likitoci suka kasa shi, na farko ja ne kawai fata ba ta fashe ba, na huɗu kuwa rami ne da ke kaiwa tsoka ko ƙashi. Na Hajiya na huɗu ne, har ƙwayar cuta ta shiga jininta. Abin da ya fi ƙona min rai, hana shi ba wani abu mai wuya ba ne, a juya mutum kamar duk bayan awa biyu, a bar shi a bushe, ya ci ya sha. Kafin ya kai mataki na huɗu ai an yi kwanaki ana ganinsa ana mayar da zani.

Mutane in an ce cin zarafin tsofaffi tunaninsu duka ne da zagi. Akwai wannan, akwai satar kuɗinsu, har da lalata. Amma akwai kuma na shiru, sakaci: ramar da ba dalili, leɓe a bushe, faɗuwa daga gado a ce "ta zame ne", tsohon da ke da surutu ka zo ka same shi kullum yana gyangyaɗi. Wannan na ƙarshen a sa masa ido, don akwai magungunan taɓin hankali da ake ɗirka wa masu ciwon mantuwa don kawai su yi shiru, alhali tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irinsu suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a irin gidajen nan, biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Ni dai ba na ɗora laifin duka kan yaran da ke aikin, na ga yarinya ɗaya tana zagaye dogon layin ɗakuna ita kaɗai da dare. Mai gidan da ya rage ma'aikata don riba ta ƙaru, shi nake nema.

Da na kira Yaya na ce zan ga lauya, shiru ya yi, sannan ya ce "ki yi haƙuri mana, ƙaddara ce, kuma me za a ce, mun ci kuɗin ciwon uwarmu?" Na ce Yaya, ciwon da Allah ya ɗora mata mun karɓa, amma wanda aka biya ya juya ta ya ƙi, shi ma ƙaddara za mu kira shi? Ya ce to, duk yadda kika gani. Sai da na tura masa hoton tukunna ya kira ni da kansa.

Ga abin da na koya, da tsada. Akwai dokar tarayya ta 1987 da ta shafi duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ita ta ba mazauna haƙƙin kada a ci zarafinsu, kada a ɗaure su ko a bugar da su da magani don sauƙin ma'aikata. Wuraren kai ƙorafi kuma suna nan: ma'aikatar lafiya ta jiha wadda ke zuwa bincike, hukumar kare manya marasa ƙarfi, da jami'in sauraron koke da ake ce wa Ombudsman wanda kowace jiha tana da shi kuma kyauta ne. In duka ne ko fyaɗe ko sata, 'yan sanda kai tsaye. Amma fa duk waɗannan ba sa ba ka ko sisi. Za su iya cin gidan tara, su rubuta rahoto, rahoton kuma zai maka amfani daga baya, sai dai diyya hanyarta daban, ƙara ce ake shigarwa ƙarƙashin dokar jiharku.

A ƙarar nan kuma kuka ba hujja ba ce. Lauyar ta ce min abu uku za mu nuna, cewa sun gaza yin abin da ya kamata, cewa gazawar ce ta jawo raunin ba tsufa ko tsohon ciwo ba, da kuma irin asarar da aka yi. Na biyun nan ne filin daga, don kullum abin da suke cewa shi ne ai dama jikinta ya yi rauni, ba makawa sai ya fito. Abin da ya cece mu hotunan da na ɗauka ranar, da fayil ɗinta. Doka ta ce mazaunin gida ko wakilinsa in ya nemi ganin fayil a nuna masa cikin awa 24, ban da ranakun hutu. Da muka karɓa sai ga shi an cike cewa an juya ta duk bayan awa biyu, har da daren da take kwance a asibiti ba ta ma gidan. Ƙarya fure take ai.

Lokaci kuma baya jira. Kowace jiha da wa'adinta, yawanci tsakanin shekara 1 zuwa 3, a Kentucky da Tennessee shekara ɗaya ce tak, in ya wuce shi ke nan ko da gaskiyarka. Maganar kuɗin lauya da ke tsorata mutane, yawancinsu ba sa karɓar komai sai an ci nasara, sannan su ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, wasu har kashi 40 cikin ɗari. A tambaya tun farko wa zai biya kuɗin ƙwararrun likitocin da za su ba da shaida in an faɗi. Kuma Medicare ko Medicaid za su zo su cire abin da suka kashe wajen jinyar raunin daga cikin diyyar, wasu jihohin ma sun sa iyaka kan abin da za a biya na wahala da raɗaɗi. Don haka lambar da ake ji da wadda ke shigowa hannu akwai rata. In tsohon ya rasu, magada na iya shigar da ƙarar kisa ta sakaci, wa ke da ikon shigarwa ya danganta da jiha.

To sai takardar nan. Lauya na buɗe tulin ta zaro shafi biyu ta ce kin san me wannan? Yarjejeniya ce cewa in rigima ta taso ba za mu je gaban alƙali da masu taya shi yanke hukunci ba, sai dai wurin mai sasanci, a ɗaki a rufe, hukuncinsa kuma da wuya a ɗaukaka ƙara a kai. Ta tambaye ni ko ina da takardar wakilcin Hajiya lokacin da na sa hannu, don in babu akwai ƙofar da za a bi a rushe ta. Ina da ita. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta mara wa irin yarjejeniyar nan baya a wata shari'a daga Kentucky, ka ga ba wasa ba ce. Abin haushin, dokar da aka fitar a 2019 ta ce ba za a sa ta zama sharaɗin karɓar mutum ba, kuma wanda ya sa hannu yana da kwana 30 ya janye. Ni ban sani ba, kwana 30 ɗina sun wuce ina ta kai mata sabbin kaya ran Lahadi.

Tamu a sulhu ta ƙare bayan fiye da shekara, kuma cikin sharuɗɗan har da ba zan faɗi adadin ba. Ba su ce sun yi laifi ba, ba su ba da haƙuri ba. Gyambon ya ɗauki watanni kafin ya rufe, har yau ba ta iya daɗewa a zaune.

Da za mu mayar da ita wani gidan, sai da na duba taurarin makin ingancinsa da rahoton bincikensa a shafin Medicare, na je sau biyu ba sanarwa, sau ɗaya da dare. Ranar sa hannu Yaya ya zo. Na zauna na karanta shafi bayan shafi matar tana ta kallon agogo, da na iso wurin na zare shafin na miƙa mata na ce wannan ban da shi. Ta ɗan yi murmushi ta ce ai dama ba dole ba ne, ta sa shi a durowa.