Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɓatan Duna a Dajin Falgore

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya muku a inda aka dawo dani gida daga wajen Kawu, to yau kafin in shiga maganar tafiyata sakandare dole in ɗan tsaya in baku labarin Duna, don duk wanda ya san gidanmu a wancan lokacin ya san shi, in na tsallake shi to na tsallake ɗan gida ne.

Duna kare ne, baƙi wuluk sai ɗan fari a ƙirji, irin namu na gida masu tsinin baki da siririn ƙugu da jela a naɗe. Tun yana ɗan kwikwiyo Baba ya samo shi ya tsaga masa kunnen hagu don shaida. Baba manomi ne amma da rani mafarauci ne na gaske, garinmu kuma yana tsakanin Tudun Wada da Doguwa, bakin dajin Falgore kenan, wajen kilomita 150 daga Kano in ka bi hanyar Jos. Kun san dai yadda muke da kare a ƙasar Hausa, ana ganinsa sai a ce "cas" a ɗauki dutse. Malamin unguwarmu ya sha faɗa a wajen karatu cewa hadisi ya yarda a riƙe kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma a Malikiyya kare mai rai ba najasa bane, illa dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Inna duk ta ji wannan amma ko a jikinta, ita dai kar ya kusanci randarta, kar ya taka tabarmar sallarta, kar inuwarsa ma ta gifta ƙofar ɗakinta. Wani fasasshen kasko ta ware masa can bayan rumbu, kullum da dare ita ke kankare ƙanzo ta haɗa da ragowar miya ta zuba masa tana mita, wai ita aka mayar baiwar kare.

Shekarar 1998 ne abin ya faru, ba zan manta ba saboda ita ce shekarar da Abacha ya rasu. Azumin shekarar a tsakiyar hunturu aka yi shi, ƙaramar sallah ta faɗo ƙarshen Janairu, to bayan sallah da kaɗan aka yi gayyar farauta, garuruwa da yawa suka haɗu, wasu a ƙafa wasu a keke wasu an cika su a bayan a-kori-kura da karnukansu, ana busa ƙaho ana kirari kowa na kuri da gorarsa da addarsa. Ni aikina riƙe gorar ruwa da buhun da ake zuba abin da aka samu, zomo ne, gafiya ce, zabon daji, in an yi sa'a guza. Duna kuwa ranar har zomo biyu ya kawo kafin azahar.

Abin da ya ɓata lamarin wuta ce. Wasu samari daga wani gari suka cinna wa ciyawa wuta wai don naman ya fito, wannan ɗabi'a har gobe ina ƙinta, don ba nama kaɗai take kora ba har ƙananan itatuwa da abincin shanun Fulani duk take lashewa. Iskar hunturu ta juya, hayaƙi ya turnuƙe ga hazo dama, sai ga wata gada ta fyallo a guje ta gabanmu, Duna ya ɗora mata. Na ga lokacin da suka tsallaka wani busasshen rafi suka shige cikin duhuwar, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Tsallaken rafin nan kuwa gandun gwamnati ne, an hana farauta a ciki, in 'yan gandu suka kama ka da bindigar toka to kai da ita sai dai labari, wataƙila ma har ka kwana a hannu. Baba ya miƙa wa Yaya bindigar ya shiga da sanda kawai, yana fito yana kiran suna har muryarsa ta dishe, sai bayan magariba ya fito shi kaɗai. Ko uffan bai ce mana ba har gida.

An nema, wallahi an nema. Lokacin ana tsananin wahalar man fetur, mota sai mai rabo, don haka a keke Baba ya dinga zagaye ƙauyuka da kasuwanni yana cigiya. Abin da ya fi tsorata shi ba kura bace, masu sayen karnuka ne, waɗanda suke bin ƙauyuka da keji suna tarawa su loda a mota su kai kasuwar Dawaki can jihar Filato, kuma hanyarsu kenan ta ratsa dajin. Duk motar da ya ga ta tsaya da keji sai ya leƙa. Mutanen gari tun suna yi masa jaje har suka koma dariya, wani abokinsa a majalisa yace "haba Malam, kare ne fa, in kana so gobe in kawo maka uku". Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya daɗe bai koma majalisar nan ba. An kawo masa 'yan kwikwiyon kuwa, yace a mayar.

Ni abin da na lura dashi wanda ba kowa ya lura ba shi ne Inna bata daina zuba ƙanzo a kaskon nan ba. Na tambaye ta tace na kaji ne, ina ruwana. Kaji kuwa tun magariba sun shige akurki. Da babbar sallah ta zo a watan Afrilu aka yi layya, Yaya cikin wasa yace yau da Duna na nan da ya sha ƙashi, Inna ta ɗaga muciya ta bi shi har zaure.

Haka aka shiga bazara, zafin nan mai sa ƙasa ta tsage, duk rafukan dajin sun ƙafe, kowa ya cire rai har ni. Ruwa ya sauka aka yi shuka. A satin da rediyo ta faɗi rasuwar Abacha, 8 ga Yuni, gari duk ya ɗauka ana ta maganar wa zai hau, sai ga wata Bafulatana da ta saba kawo wa Inna nono ta sauke ƙwaryarta tana hira, cikin hirar take cewa wani baƙin kare mai tsagaggen kunne ya dame su a ruga, ba ya bari a matso shi, kuma ba ya tafiya, yara sun jefe shi har sun gaji. Inna ko kuɗin nonon bata tsaya ƙirgawa ba ta aike ni gona da gudu, "maza ka ce da Babanku ya zo yanzun nan".

Washegari da asuba Baba ya goya ni a keke. Rugar tana can kusa da Kogin Kano, kogin da ya ratsa dajin ya gangara dam ɗin Tiga, tafiya ce mai nisa ga taɓo, wani wajen sai mun sauka mun tura. Ardon ya karɓe mu da fura, suka taɓa barkwanci yana ce wa Baba Kaɗo ya zo biko, sannan ya bamu labarin abin da makiyayansa suka gani. Yace tun cikin rani suke hango karen a gaɓar kogi, inda ruwa ke saura a ƙananan kududdufai, yana zuwa da sassafe ya sha ya ɓace. Sun gan shi yana bin inda wuta ta cinye yana tsintar ɓeraye da ƙadangarun da suka ƙone, sun gan shi yana tonon ramin gafiya, har fara yake kamawa, da wata saniyarsu ta mutu kuwa shi da angulaye suka raba. Wani yaro yace ya taɓa ganinsa a gindin kanya yana cin 'ya'yan da suka zubo, da ruwa ya sauka kuma shinge ya fito nan ma ya samu na kalaci. Da dare a wani kogon dutse yake kwana inda bayansa ke jingine da dutsen, ta gaba kawai abu zai iya zuwar masa. Baba yana ji yana gyaɗa kai, yace tonon gafiya dai shi ya koya masa, sauran kuma yunwa ce malamarsa. Ardo yace bai matso ruga ba sai da ya ji ciwo a ƙafa farauta ta gagare shi, daga nan ne matan suka fara watsa masa dusa da tsarin nono daga nesa.

Ni a zatona yana ganinmu zai rugo da gudu. Ina! Can muka hango shi a gindin wata kaɗanya, in ba don kunnen nan ba wallahi ba zan ce shi bane, haƙarƙarinsa duk a waje kamar haƙoran mataji, gashin ya koma ja-ja ya zube wuri-wuri, ƙafar baya ta dama a ɗage. Muna matsawa ya ja da baya ya yage baki yana gurnani, ni har na fara kuka nace Baba ya manta mu. Baba yace in yi shiru in koma bayan Ardo. Sai ya zauna a ƙasa daɓas cikin laima, ya cire rigar farautarsa mai layu da ya sako a ƙarƙashin babbar riga, ya jefa ta tsakaninsu, ya kau da kai gefe kamar ba ruwansa, ya fara fiton nan nasa a hankali, gajere biyu dogo ɗaya. An daɗe a haka, har shanu suka fara tashi kiwo. Duna ya miƙo wuya ya shinshina iska, ya tako da ƙafa uku ya shinshina rigar, sai kawai ya zube ya fara jan ciki yana wani irin kuka siriri da ban taɓa jin kare ya yi ba, jelar na bugun ƙasa, fitsari na zuba, har ya iso ya tura kansa ƙarƙashin hammatar Baba. Ardo yace "Allahu Akbar" ya juya ya bamu baya.

A nan muka ga ƙafar. Wayar tarko ce irin wadda ake ɗana wa gada, ta shaƙe shi sama da dagi ta nutse cikin nama, da alama fizga ya yi ta yi har ta tsinke daga jikin turken ya tafi da guntun. A gefen bakinsa kuma ga tabon ƙayar beguwa, kunnuwan cike da kaska wasu sun yi ɓul-ɓul da jini. A kafaɗa Baba ya saɓo shi, ni na turo keken, sai la'asar sakaliya muka shigo gari, kai tsaye maƙera muka wuce aka datse wayar da awartaki Baba na riƙe da kansa.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe muka shigo. Ta dube shi ta daɗe, tace "ɗan banza, ka gama yawon?" Shi kuwa da aka sauke shi bai nufi bayan rumbu ba, wajenta ya ja jiki ya kwanta daidai inda aka hana shi tun yana ƙarami, bakin ƙofar ɗakinta, kuma bata kore shi ba. Kunu ta dama ta zuba nono ta fifita har ya huce, ta durƙusa ta riƙe masa kaskon da hannunta yana lasa har yana lasar yatsunta, ta wanke ciwon da ruwan gishiri ta shafa man kaɗanya ta ɗaure da tsumma. Bayan ta gama ta je ta wanke hannu sau bakwai tana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji, tana cewa ita dai an cuce ta a gidan nan.

Sai dai Dunan da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. In an bashi abinci sai ya ci rabi ya je ya binne rabi, motsi kaɗan ya zabura, da dare ba ya barci sai zagaye. Yara in sun zo wucewa sai ya yi musu gurnani, abin da bai taɓa yi ba a da. Da ƙafar ta fara warkewa ya kama kazar maƙwabta, Baba ya biya, ya sake kama wata, Baba ya sake biya. Nan fa magana ta fara yawo a gari cewa karen da ya yi watanni a daji yana cuɗanya da dila da yanyawa wa ya san abin da ya kwaso, kuma gaskiya ba zan ga laifinsu ba, don duk wanda ya taɓa ganin mutumin da ciwon haukan kare ya kama, yana ganin ruwa yana firgita, ya san in alamun suka bayyana babu magani. Wani malamin makaranta ya ba Baba shawara ya kai shi wajen likitan dabbobi a Tudun Wada, yace akwai allurar rigakafi da ake haɗawa a Vom can jihar Filato, Baba yace to bari a gama noman farko.

Ba a kai ga gamawar ba. Daren da Denmark ta ci Najeriya 4 da 1 a gasar kofin duniya ta Faransa, 28 ga Yuni, muna dawowa daga kallo a ƙofar gidan da ake kunna talabijin da batirin mota, kowa ransa a ɓace, wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya biyo ta ƙofar zaurenmu a guje cikin duhu ya taka wa Duna ƙafar nan mai ciwo. Ihun yaron muka ji. Da gari ya waye ko karin kumallo ba mu yi ba sai ga ɗan aiken mai unguwa yana sallama, yace ana neman Baba yanzu, kuma wai ya taho da karen a ɗaure.

Abin da aka yanke a ƙofar mai unguwa, da maganar da Inna ta aika aka faɗa a gaban dattawa wadda har yau ake tuna mata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.