Kafin Ku Ce “Nauyin Baki Ne”, Ku Fara Duba Kunne

Ƙannena sababbin iyaye da malaman ajin raino, kuskuren da mu da muka riga ku aiki da yara muka fi tafkawa shi ne jira. A kawo yaro ɗan shekara biyu bai iya cewa komai ba, mu ce nauyin baki ne, ai namiji ne, zai yi. Wasu bakinsu kan buɗe daga baya. Amma da yawa sai sun kai shekara huɗu ko biyar ake gane ashe kunne ne ba ya ji sosai, alhali shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe.

Matsalar furuci daban, matsalar harshe daban. Mai matsalar furuci ya san abin da zai faɗa, fitar da sautin ne ke ba shi wuya, kamar mai tsamin baki ko in'ina. Mai matsalar harshe kuwa fahimtar magana ko haɗa kalmomi ne ke gagararsa. Wannan ta biyun ta fi ɓuya, don yaro yakan bi abin da ya ga 'yan'uwansa na yi, a ɗauka ya gane.

Jariri na fara gwarancin “bababa” tsakanin wata 6 zuwa 9, kalmar farko ta zo wajen wata 12. Ɗan shekara 2 ya kamata ya mallaki kalmomi kamar 50, yana haɗa biyu: “Mama ruwa”. A shekara 3 baƙo zai gane mafi yawan zancensa. In ya shekara ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, a kai shi asibiti. Wanda ya fara magana sannan kalmomin suka ɓace, ko kwana ɗaya kada a jira, domin yana iya zama alamar otizim (larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) ko wata larurar ƙwaƙwalwa.

Mun daɗe muna gwada ji ta hanyar tafi ko buga murfin tukunya a bayan yaro. Gwajin nan ya yaudare mu matuƙa. Yaron da jinsa ya ragu yana jin ƙara mai ƙarfi, wani ma inuwar hannu ya gani ko iska ta taɓa shi ya juyo. Abin da ke kuɓuce masa su ne sautuka marasa ƙarfi irin “s”, “f” da “sh”, sai magana ta riƙa isa gare shi da giɓi. Gwajin gaskiya na na'ura ne: OAE, da ake yi cikin 'yan mintuna da ɗan abin sawa a kunne, da ABR, da ke auna saƙon jijiyar ji yaro na barci. Ƙa'idar ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A nan Jos ku fara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ku nemi a tura ku gwajin ji. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko bai yi kuka da wuri ba a haihuwa, da yaron da ya yi ƙyanda ko aka yi masa allurar gentamicin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da yawa, a gwada su ko ba a ga alama ba. Wanda ya tashi daga sanƙarau, cikin makonnin farko za a yi masa gwajin, domin cikin kunne kan iya ƙanƙarewa ya zama ƙashi. Ga kuma sanyin garin nan: mura mai yawan dawowa na tara ruwa a bayan dodon kunne, babu zafi, babu mugunya, amma yaro na ji dishi-dishi. Yakan tsane da kansa cikin wata uku. In ya wuce haka likita ya gani.

Wani abin da ke damuna har yau shi ne shawarar da muka riƙa ba iyaye su bar yaren gida su riƙe Turanci kaɗai. Ba daidai ba ne. Yaron da ke jin Hausa a layi, Birom ko Fulatanci wurin kaka, Turanci a makaranta, yarukan ba su jinkirta masa baki ba. In za ku ƙirga kalmominsa, ku haɗa na duk yarukan. Haka kai yaro wurin wanzami a cire beli ko a yanke zaren ƙarƙashin harshe: ba ya ƙara masa kalma ko ɗaya, sai haɗarin zubar jini da tetanus.

In'ina kan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma yawancin yara na rabuwa da ita. Kada a ce masa “nutsu” ko “sake faɗa”, kada a ƙarasa masa magana, a hana yayye kwaikwayonsa. Ku dai ku sassauta saurin naku zancen. In ta haura wata 6, ko akwai mai ita a dangi, ko ya fara runtse ido yana kokawa da kalma, a nemi masanin gyaran magana.

A gida kuwa, ku daina titsiye yaro da “ce kofi, ce kofi”. Ku durƙusa ido cikin ido, ku ambaci abin da hankalinsa ke kai, sannan ku yi shiru na daƙiƙa biyar zuwa goma, ku ba shi dama. In ya ce “mota”, ku ce “mota ta tafi”. In ya ce “luwa”, ku ce “ruwa, ga ruwa”, ba tare da gyara ba. Lokacin wanka da cin abinci sun isa, minti 10 sau uku a rana. Waya kuma ba ta amsa wa yaro: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 a nisanta shi da kallon waya da talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.