Salansar jirgin da aka haɗa a gareji

Shagona na walda yana kusa da wani ƙaramin filin jirgi a Amurka, kuma yawancin masu kawo mini aiki mutane ne da ke haɗa jirginsu da hannunsu a garejin gida. Doka ta yarda, muddin kai ka yi fiye da rabin aikin. Wanda suka fi haɗawa shi ne RV na kamfanin Van's. Mutanen Kaduna sun san shi da wani suna: Air Beetle da aka harhaɗa wa sojojin sama guda 60, daga RV-6A aka samo shi.

Ni salansa ce sana'ata. Mai jirgi zai shekara yana lallaɓa fiffike, amma bututun hayaƙi sai ya ɗauke shi kamar na mota. Ƙarfen nan kuwa yana shan zafin da ya haura digiri 700, ga jijjigar inji ba hutu. Ni da baƙin ƙarfe ba na yin sa, sai ƙarfen silba marar tsatsa mai lamba 321, kuma ana walda ana hura iskar agon ta cikin bututun, in ba haka ba cikin ya ƙone ya yi ɓurɓushi. Ko fensir ba na bari a zana a jikinsa, domin in ya yi zafi gawayin yakan shige ƙarfen, daga nan tsagewa take farawa.

Ƙorafin da ya fi zuwa shi ne na mita: wai silinda ɗaya ta fi sauran zafi. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Allurar auna zafin ce aka huda mata rami inci biyu daga bakin silinda, 'yar'uwarta ta wata silindar kuma inci huɗu, sai mita ta nuna bambanci. Ko an ƙara tsawon wayar da ta tagulla. Ko an juya ta, don a irin wannan waya ja ce nagetif, abin da ke rikita duk wanda ya saba da wayarin mota.

Abin da ke hana ni barci ba ya fitowa a waɗannan mitoci. Ɗumin da ke shiga wurin matuƙi daga wata riga da aka naɗe wa salansa yake zuwa. Tsaga ɗaya a ƙarƙashinta ta isa ta tura gubar hayaƙi ciki, ba wari, ba launi. An sami irin gubar a jinin ɗan ƙwallo Emiliano Sala bayan hatsarin 2019, kuma jirgin ma ƙirar kamfani ne, ba haɗin gareji ba.

Shi ya sa kowace salansa sai na cire mata rigar, na toshe bakinta, na hura iska, ɗan wana yana bin walda da ruwan sabulu.

Wata rana muna kan wata salansa sai ya ce, "Kawu, ga kumfa nan."

Mai jirgin ya so a ɗan ɗiga walda a wurin ya tafi. Na haska masa tocila a ciki, ya ga ƙarfen ya siraɗe har yana ɓarewa. Sabuwa muka lanƙwasa masa, ya jira mako biyu yana gunaguni.