Girman tirela da irin kayan da ake samu a jihar Tawa

Matasan da suka tara ɗan jari suna son shiga harkar sufurin kaya a nan Tawa sukan tambayi wace tirela ce ta fi cin lodi. A ganina abin da ya kamata mutum ya fara bincika shi ne wane kaya yake da tabbacin samu mako bayan mako, kuma a kan wace hanya zai ja shi. Mai mota ɗaya ba shi da halin ajiye tirela daban ga kowane irin kaya kamar manyan kamfanoni, saboda haka wadda ya saya ita ce za ta ciyar da shi rani da damina.

Tsawon tirela ba shi ne yake yanke yawan abin da za a ɗora mata ba. Sikeli ne yake yankewa. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta shafi Nijar, ta ƙayyade wa kan mota da tirela masu layin taya shida jimillar tan 51, kuma cikin wannan adadi har da nauyin motar kanta. Layin gaba na sitiyari tan 6 aka yarje masa, layi ɗaya mai tagwayen tayoyi tan 12, layi uku a jere kuwa ba za su wuce tan 25 ba. Idan muka ƙaddara cewa kan mota da tirela ba kaya sun kai tan 17, abin da ya rage na lodi tan 34 ne, wato buhu 680 na simintin Malbaza mai kilo 50. Wannan lodi ba ya cika doguwar tirela, kuma wanda ya ga sauran fili ya ce a ƙara, to tara yake ɗora wa kansa, domin dokar ta tanadi jika 20 na sefa a kan kowane tan da ya hau a sufurin cikin gida, jika 60 kuma idan tafiyar ta ƙetare iyaka. Na san akwai masu cewa ba kullum ake tsaurarawa ba, amma ba a gina sana'a a kan sassaucin da zai iya ƙarewa gobe, balle ma tayoyi da shasi ba su san sassauci ba.

Albasa ita ce kayan da jiharmu ta yi suna da shi, kuma lamarinta daban ne. Idan an shiga lokacin cirarta, daga watan Maris zuwa Mayu, dillalai a Galmi, Tsarnawa da Madawa suna neman manyan motoci masu zuwa Abijan da Akara, kuma a irin wannan doguwar tafiya babbar tirela ce take da riba, tunda direba ɗaya ne, takardun duwan ɗaya ne, kuɗin man kuma ba ya ninkawa don lodi ya ninka. Sai dai albasa tana son iska. Duk wanda ya tsaya wurin sauke lodi ya ga buhunan tsakiya suna tsatsafar ruwa suna wari, alhali na gefe lafiya lau, ya san abin da matsi da zafi suke yi mata. Don haka mai niyyar wannan aiki ya nemi tirela mai gefen ƙarfe mai tazara, ya kuma tuna cewa tsayin mota da kayanta bai kamata ya haura mita 4 ba. Sa'an nan ya tambayi kansa abin da zai ɗauka idan kakar ta wuce, da abin da zai dawo da shi daga gaɓar teku, domin tirelar da ta dawo fanko ta cinye rabin ribar tafiyarta tun kafin ta iso Ƙonni.

Wanda yake hangen kwantena kuwa lissafinsa a bayyane yake: mai ƙafa 20 tsawonta ya ɗan haura mita 6, mai ƙafa 40 ta ɗan haura mita 12, kuma dole tirelar ta kasance da maƙalan da suke riƙe kusurwoyinta. Amma tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 hanyar Kwatano ta cushe, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina, tafiyar ta ƙara tsawo da jira. Mai ƙaramin jari da bashin mota a wuyansa ya auna ko zai iya jure makonni motar tana tsaye.

Yawancin aikin da ƙaramin mai mota yake samu a nan, gaskiya, na kusa ne: hatsi, siminti, takin zamani, da dabbobi daga kasuwannin Badagishiri da Abalak. Hanyoyin burji da na yashi, da ƙofofin shaguna a cikin kasuwa, ba su ba doguwar tirela wurin juyawa, kuma ɗan kasuwa mai buhu ɗari biyu ba zai jira a tara masa abokan lodi kwana da kwanaki ba. A nan tirela mai layi biyu, ko ma mota mai taya goma, ta fi yawan zirga-zirga. Daidai ruwa daidai tsaki. Layi biyu masu tagwaye taya takwas ne, layi uku taya goma sha biyu, kuma wannan bambanci yana dawowa duk lokacin da aka tashi canjin tayoyi.

Tirelolin da ake kawowa na hannu daga Turai galibi mita 13.6 ne, an ƙera su don kwalta mai santsi, da yawansu kuma a kan balan-balan na iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe, wanda hanyar Agadas ba ta raga masa. Kafin a biya kuɗi, a kai makanike ya duba shasi ko an taɓa yi masa walda, a tabbatar kan motar da ake da shi zai iya janta cike, sa'an nan a hau da ita sikeli ba kaya a gwada nauyinta da abin da aka rubuta a takardarta, domin maƙera sukan ƙara mata ƙarafa bayan ta iso, kuma kowane kilo da suka ƙara daga cikin lodi ake cire shi.