Jaket ɗin fata: abin da na gani a teburin yanka a Zeytinburnu

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Waɗanda muke tafe tare a wannan aiki na ɗinka jaket ɗin fata sun san inda na tsaya: gaba da bayan jaket ɗin sun haɗu, zif ya zauna ba laifi, amma hannun jaket ɗin ya ƙi shiga raminsa. Duk yadda na lallaɓa shi, sai saman kafaɗa ya tattare ya yi ƙulu-ƙulu. A haka na naɗe shi na ajiye, domin tafiya ta kama ni zuwa Istanbul tare da yayana da ke saro tufafi a unguwar Laleli. Shi kasuwa ce ta kai shi, ni kuwa aikina riƙe jaka da ƙirga kwalaye. Sai dai tun kafin mu tashi na ƙudurta cewa sai na shiga wurin masu ɗinka jaket na ga aikin da idona.

Daga Laleli jirgin cikin gari mai lamba T1 ake hawa, ya bi ta Aksaray da Topkapı, ya fita bayan tsohuwar ganuwa ya kai mutum Zeytinburnu. Ba banza fata ta yi gida a unguwar nan ba. A gefenta ne Kazlıçeşme take, bakin tekun Marmara, inda aka zaunar da majeman birnin tun zamanin Sarki Mehmed na Biyu, bayan ya ci garin a 1453. Sun shekara fiye da ɗari biyar suna jima a wurin, sai a farkon shekarun 1990 aka kwashe su zuwa Tuzla, can ɓangaren Asiya, saboda wari da gurɓatar ruwa. Majema sun tashi, masu yanka da ɗinki da dillalan fata suka yi zamansu. Shagunan da ke bakin titi na baje koli ne, da yawansu da rubutun Rashanci a ƙofa saboda masu saye daga can. Aikin kansa yana benaye da ƙarƙashin ƙasa a lungunan baya, kuma idan ba wani ne ya kai ka ba, sai ka wuce ba ka sani ba. Wani dillali da yayana ke hulɗa da shi ne ya yi mini hanya.

Ɗaki ne guda dogo a hawa na biyu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kekunan ɗinki suna can ƙurya, teburin yanka kuma shi ya cinye tsakiyar ɗakin, a ƙarƙashin fitilu masu farin haske. A nan mai wurin yake tsaye, dattijo mai tabarau, kowa na ce masa Usta, wato gwanin sana'a da Turkanci, ni ma na bi sahu. Ba ya jin Turanci, ba na jin Turkanci, sai wayata ta zama tafinta, inda ta gaza kuma hannu ya yi bayani. Kafin komai sai da aka kawo shayi a ɗan kofin gilas.

Ku bar ni in daɗe a teburin nan, domin a nan ne aka canza mini tunani. Mu da muka fito daga ɗinkin yadi mun saba a ninka, a ɗora, a yanka biyu lokaci guda. Fata ba a ninka ta. Usta kan shimfiɗa kowace fata ita kaɗai, fuskarta sama, ya shafa ta da tafin hannu daga wuya zuwa gindi, ya ɗaga ta ga haske, sannan ya zagaye duk wani tabo ko kaftar wuƙar mai fiɗa da alƙalami mai ruwan azurfa wanda ke gogewa daga baya. Sai ya kama hannuna ya sa na ja fatar ta tsawon gadon baya: da ƙyar ta motsa. Ya sa na ja ta wajen ciki da hammata: ta biyo ni, ta yi sako-sako. Daga nan ya fara jera kwalayen yanka, wato kwalayen da aka fitar da siffar kowane ɓangare na jaket, ana ɗora su a kan fata a bi gefensu a yanka. Gaba biyu da saman hannu da kwala, wato duk inda ido ke fara sauka ko inda jiki ke ja, a tsakiyar fata suke fitowa, a miƙe da gadon baya. Ƙarƙashin hannu da cikin kwala da abin da zai ɓuya a ciki su ake turawa gefe. Kuma gaban dama da na hagu daga fatu biyu masu kama da juna yake fitar da su, a wuri iri ɗaya, don kada ɗaya ya saki ya bar ɗan'uwansa bayan an sha sawa.

Kafin ma a kai ga wannan, sai da ya baje fatun da za a yi jaket guda da su, ya jera su gefe da gefe yana duba launi. Rini ɗaya ne, amma wata ta fi wata duhu kaɗan, kuma idan aka haɗa su a gadon baya kowa zai gani. A Turkiyya da desi ake awon fata, wato murabba'in santimita goma tsawo goma faɗi. Mu a Kano da murabba'in ƙafa muka saba, kuma ƙafa ɗaya ta ɗara desi tara da kaɗan. Fatar ɗan rago ba ta da girma, shi ya sa jaket ɗin namiji ke cin fatu biyar, shida, wani lokaci fiye. Wannan ne kuma dalilin layukan ɗinkin da kuke gani a bayan jaket da tsakiyar hannu. Na daɗe ina ɗaukarsu ado. Ashe ƙanƙantar fatar ce ta tilasta su, gwani kuma shi ne wanda ya san inda zai ajiye su har su zama ado. Yankan ma da aska mai kaifi yake yi, ba almakashi ba, a ja ɗaya, kwalin a danne da ƙarfe mai nauyi. Ban ga fil ko guda a ɗakin ba, domin duk hudar da aka yi wa fata ta zauna ke nan.

Daga tebur ba keke ake nufa ba. Akwai wani saurayi da aikinsa kawai fere bakin fata da wani ɗan inji mai wuƙa zagayayya, yana rage kaurin gefen da za a kalmashe. Fatar jaket dama siririya ce, ba ta kai milimita ɗaya ba, amma inda ninki huɗu ya haɗu, kamar kusurwar kwala ko bakin aljihu, in ba a fere ba sai ya yi tudu. Wani kuma yana manna siririn tef marar miƙewa a kafaɗa, da zagayen wuya, da inda zif zai hau, da bakin aljihu. Bayan an yi ɗinki sai a dawo da abin kan wani falalen dutse mai santsi, a buɗe bakin ɗinkin, a shafa gam da ɗan buroshi, a jira ya sha iska, a kwantar, sannan a bi shi da guduma mai faɗin kai, taf-taf-taf, daga farko har ƙarshe. Aikin da dutsen guga da tururi ke yi wa telan kwat, gam da guduma ke yi a nan. Ƙarar gudumar ta fi ta keke yawa a ɗakin. Idan guga ta zama dole, da ɗan ɗumi ake yi, ta bayan fata ko a ɗora takarda, ba tururi.

Kekunan ba sai na ja zance a kansu ba. Masu ƙafa mai tafiya ne, wadda ke jan fatar sama da ta ƙasa tare. Allurar mai baki irin na wuƙa ce, zaren roba ne ba na auduga ba, tsawon taku kuma tsakanin milimita uku zuwa huɗu. In aka matse taku, fatar za ta yage a kan layin kamar takardar rasit mai jerin huda. Ba sa komawa baya a ƙarshen ɗinki. Zaren ake jawowa ciki a ƙulle.

Sai na fito da hoton hannun da ya gagare ni. Usta ya matso da tabarau, ya ƙara girman hoton da yatsu, ya yi murmushi. Ya ɗauko kwalin hannu na wata jaket da kwalayen gaba da baya, ya miƙo mini tef ɗin awo ya ce in auna zagayen kan hannun, in auna ramin. Bambancin bai wuce santimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Nawa kuwa daga kwalin kwat ɗin yadi na kwafo shi, inda ake barin rarar santimita uku zuwa huɗu domin ulu na shanye ta idan ya ji tururi. Fata kuwa kaɗan kawai take shanyewa. Ya nuna mini yadda zan rage tudun kan hannun, in kuma raba ɗan rarar da ta saura a gaba da bayan kafaɗa, kada in tara ta a tsakiya. Na ce, "Usta, ko keken ne nawa bai isa ba?" Da wayar ta fassara masa sai ya girgiza kai, ya buga kwalin da yatsa sau biyu. Gani ya kori ji.

Ga ra'ayina, kuma na san wasunku ba za su so shi ba: duk wanda ke tara kuɗin keken masana'anta alhali bai gyara kwalinsa ba, bai koyi karanta fata ba, ya dakata tukuna. Ƙafar roba mai santsi da allurar fata a kan keken da kake da shi za su kai ka nesa a kan fata mai laushi. Aska, gam, guduma da tef kuwa duka ba su kai kuɗin fata biyu masu kyau ba.

Da ya ji daga Kano nake, sai ya ɗauko wata fatar akuya ya ce in taɓa. Na gaya masa jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa danganta ta ga Maroko, da kuma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da ke tura fata Italiya da Sifaniya. A nan akwai abin lura gare mu. Kirgin da majemanmu na Ƙofar Wambai ke jemewa da bagaruwa yana da ƙwari da tsayuwa, ya dace da jaka da takalmi da aikin dukawa, amma ba ya kwanciya a jiki yadda jaket ke so. Wadda ake jaket da ita jimar sinadarin kurom ce, mai laushi. In za ku saya, ku dunƙule gefenta a hannu ku saki. In ta warware ba ta bar karaya ba, ita ce.

Ga mai niyyar irin wannan ziyara, kada ka je da rana tsaka lokacin da aiki ya yi zafi, kada ka ɗaga waya ka fara hoto sai an ba ka izini, musamman kwalayen yanka, domin su ne jarin mai wurin. Ni dai na sayi buhun guntayen fata a wurinsa kafin in fito, wanda ya fi a ce na sha shayi na kwashi ilmi na kaɗe riga. Yayana da ya ga buhun cewa ya yi, "Kai dai ka zo Turkiyya sayen tsumma." Shi ya biya kuɗin awon kayan kuwa.

Ga inda aiki yake yanzu. Na sake zana kwalin hannu, na rage tudunsa, rarar ta dawo kusan santimita ɗaya da rabi. Na gwada shi a kan ledar kujera mai arha, tun da ita ma ba ta shanye rara sosai, kuma ya zauna lafiya lau ta gaba. Ta baya akwai ɗan tattara kusa da hammata da nake zargin ramin ne ya yi zurfi. Tsohon hannun fatar ba zai sake shiga ba saboda hudojin allura, don haka zan yanka shi in fitar da murfin aljihu da cikin kwala. Ba ni da injin fere baki, da aska nake yi a kan gilas, a hankali, ina koyo da guntayen nan. Kusurwa ce har yanzu ke ba ni wahala. Shafin cikin jaket ɗin ban taɓa shi ba tukuna. Wanda ya san inda ake samun tef marar miƙewa a Kwari ko Wambai ya taimaka ya faɗa mini, domin ɗan abin da na zo da shi iyakarsa kafaɗa da zif.