Dorawar da na sa wa hannu ban gan ta ba

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin ofis da littafin rasit, na gama aikin malamin daji a ƙaramar hukumarmu a nan kudancin Jigawa bayan shekara goma sha huɗu, na koma gona da ɗan wurin rainon itatuwa a bayan gida. Yaran da aka ɗauka sabbi sun matsa min wai in rubuta musu wani abu kafin in tafi, toh ga shi, wanda ya ga kansa a ciki ya yi haƙuri.

Ba sai na tsaya faɗa muku yadda ake bada famit, wato takardar izinin sare itace, ba, kun sani. Dorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, gawo, maɗaci, giginya, ko a tsakar gidan mutum take ba ya ɗaga gatari sai da takarda, tun zamanin En'e da sarkin daji haka abin yake, kuma a ofishinmu ƙa'idar ita ce ka sare ɗaya ka dasa uku. Abin da babu a jikin fom ɗin shi ne tambayar nan, itacen na waye? Fom dai sunan mai gida yake tambaya, kuma nan na faɗa rami.

Wata ranar kasuwa ce, ana gab da la'asar, oga ya kira ni ofishinsa, ga wani Alhaji zaune da makullin mota a hannu yana ta kaɗa shi. Oga yace wannan mutumin ciyaman ne, ya sayi fuloti a bakin gari zai yi gini, akwai wata tsohuwar dorawa daidai inda falo zai zauna, ka rubuta masa famit yanzu. Nace ranka ya daɗe bari gobe da safe in hau mashin in je in gani. Sai yayi dariya yace haba malam, dorawa ce fa ba zaki ba, ni na gan ta da idona ta bushe rabi, sa hannu kawai ni ne a gabanka. Alhajin ya biya kuɗin hukuma, na yanka masa rasit, ya ƙara min na mai a aljihu, kuma wallahi na karɓa, ba zan yi muku ƙarya ba. A wurin da aka rubuta yanayin itace na rubuta busasshe. Abin da ban gani ba na rubuta.

Kwana biyu tsakani ina zaune sai ga wata tsohuwa ta shigo da jikanta yana riƙe mata hannu, ta kwance bakin zanenta ta zazzage min tutun dorawa a kan tebur, jajaye jawur ɗanyu shakaf, sun fara laushi. Tace ɗan nan kai ne malamin daji? Nace ni ne Iya. Tace toh duba min, busasshen itace yana wannan? Na rasa bakin magana.

Ashe filin gonar bayan gidan mahaifinsu ce, da gari ya faɗaɗa aka yanka ta fuloti fuloti, ƙaninta ya sayar da rabonsa. Amma ita dorawar tun a rabon gado aka ware ta aka bar wa mata, ita da ƙanwarta, mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, duk tsofaffin unguwar sun sani. Wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan ba baƙon abu ba ne, ƙasa ta zama ta wani itacen da ke kanta ya zama na wani, har jinginar da dorawa ake yi ita kaɗai. Ni ma na sani, a gidanmu ma akwai irin haka, kawai dai ranar oga na tsaye a kaina. Da kalwar itacen nan take daddawa duk shekara, garin ta sayar yara su sha, makubar masu daɓe su saya, da shi ta aurar da 'ya'ya biyu. Mai inji ya kwantar da ita cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Da yamma na je wurin. Kututturen sai mutum biyu sun haɗa hannu su kewaye shi, cikinsa lafiya lau ko kogon ɓera babu, ana ta faskara ana lodawa a mota za a kai birni.

Magana ta je gaban hakimi, daga nan wani ɗan'uwansu mai ilimin boko ya rubuta ƙorafi har Dutse. Ranar da aka zauna oga ya buɗe fayil ya nuna sa hannuna yace shi sam bai san da zancen ba, shi dama kullum yana jan kunnen yaransa su riƙa zuwa suna dubawa. A gabana ya faɗi haka ko ƙifta ido bai yi ba. Ni aka ba takardar tuhuma, aka riƙe min ƙarin girma, aka tura ni wurin rainon itatuwa in riƙa cika baƙar leda da ƙasa da taki shekara uku, shi kuma shekarar da ta zagayo ya tafi Makka. Na yafe masa dai tunda addini yace a yafe, amma ban mance ba, kuma har gobe in muka haɗu a wurin jana'iza gaisuwa ce kawai.

Abin da yafi min ciwo ma maganar dasa uku ɗin nan. An sa Alhaji ya dasa, ya aiko yaronsa ya karɓi darbejiya uku a leda, aka tona rami a jikin katanga aka ɗauki hoto aka sa a fayil, shikenan an maye gurbi. Dan Allah darbejiya da aka kawo mana daga Indiya don inuwa ita ce zata ba Iya kalwa? Ko dorawar aka dasa sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, Iya kuma ta haura saba'in. Kafin damina ta faɗi ma awaki sun gama da biyu, don ko ƙaya ba a kewaye su da ita ba. Muna ta jin labarin babbar katangar itatuwa da ƙasashen Afirka suka ƙaddamar tun 2007, Najeriya ta kafa mata hukuma a 2015, Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da abin ya shafa, duk da kyau, amma a ƙasa lissafin leda nawa aka raba ake yi, ba wanda yake komawa a bazara ya ƙirga nawa suka rayu.

Tun daga nan ban sake rubuta famit daga kan kujera ba, ko man mashin babu zan ara, kuma kafin in duba itacen sai na tsaya wajen mai unguwa, sannan in nemi a yi min sallama da matan gidan, don su ne suka san na waye. Shiyasa aka sa min suna mai taurin kai, ni kuma sunan bai dame ni ba. A shekara shida na ƙarshe ba a sake kai takardata gaban hakimi ba ko sau ɗaya.

Sauran shawarwarin kuma gajeru ne. In babba ya ba ka umarni da baki kace ya rubuta a jikin fayil, zai ji haushi amma zai ja baya. Ka ajiye kwafin kowane rasit a gidanka. In mutum yace saiwa tana fasa masa gini ka je ka gani, sau da yawa sassabe rassa ko yanke saiwa ɗaya ya isa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 gas yayi tsada, masu gawayi sun ƙaru, da yawa cikin masu cewa itace zai faɗo musu a ɗaki sun riga sun karɓi kuɗinsa. Na mai kuma kar ka karɓa.

Iya ta rasu bara waccan. Kafin nan na kai mata dorawa biyu daga cikin waɗanda na raina da hannuna, muka dasa a bayan ɗakinta na kewaye da ƙayar magarya, tace Allah yayi albarka amma bata kalle ni ba. Ɗaya ta mutu, ɗayar jikan nan nata yana ba ta ruwa, da na biya ta wajen satin jiya ta kai kafaɗata.