Raɗaɗi ba ya tafiya da girman rauni

Aikina binciken jijiyoyi ne, kuma inda na tsaya shi ne raɗaɗi: yadda yake tashi daga fata ko ƙashi, ya bi ta laka, ya kai ƙwaƙwalwa. A Ngaundare ta Kamaru na fara, da ɓeraye, muna gwada sassaƙe da saiwoyin da masu maganin gargajiya ke bai wa mutane.

Gwajin da na fi yi shi ne na formalin, wani sinadari mai sa zogi. Za a yi wa ɓera 'yar allurarsa a tafin ƙafa, kai kuma ka zauna da agogo kana lissafa tsawon lokacin da yake lasar wurin. Minti 5 na farko zai yi ta lasa, sannan ya lafa. Can wajen minti 15 sai abin ya dawo, ya fi na farko daɗewa, alhali ba wanda ya sake taɓa shi. Har yau ba na jin daɗin yi wa dabba haka, shi ya sa nake takaita yawansu iya ƙoƙarina. Amma wannan dawowar ce ta riƙe ni a fannin. Kumburi yana da hannu a ciki, sai dai ita kanta laka ta sauya. A 1983 Clifford Woolf ya nuna cewa idan saƙon ciwo ya yi ta kwarara, jijiyoyin laka sukan ƙara kaifin ji, har taɓawar da ba ta kai komai ba ta koma zogi. Tun 1965 ma Melzack da Wall sun ce akwai wata ƙofa a laka mai rage saƙon ko ƙara shi, dalilin da ya sa mutum ke murza inda ya buge ya ji sauƙi. A 1997 kuma David Julius ya gano mashigar da barkono ke buɗewa a jijiya, wadda zafin da ya haura digiri 43 ma ke buɗewa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021.

Duk wannan sai da na dawo Garwa ya zauna mini da kyau, da na fara zama da masu sikila. Yaron da ciwon ƙashi ya sha tasar masa tun yana goye, jijiyoyinsa ba irin na kowa ba ne. Idan yana kuka, gwaji bai nuna wani sabon abu ba, sai ka ji an ce allura yake so. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin na san abin da ke faruwa a lakarsa.

Akwai kuma waɗanda ba sa faɗa. Mu mun tashi da dauriya, 'yan'uwanmu Fulani suna da munyal, wato haƙuri, mace na naƙuda ta cije don kunya. Ka tambayi tsohuwa jiki, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, ɗan nan." Don haka nakan ce, "Inna, jiya kin samu barci? A tsaye kika yi sallah ko a zaune?" A nan gaskiya ke fitowa.

Shirun nan da rashin morfin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, a ƙananan asibitoci su ne, a ganina, suke tura wasu ga tramol. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar samun tramol a saiwar tafashiya ta Kamaru, murna ta kama masu binciken tsirrai. A 2014 wata tawaga daga Jamus ta nuna cewa a yankin Arewa Mai Nisa mutane na sha, suna kuma bai wa shanun huɗa, sai ya bi fitsari da kashi ya shiga ƙasa, saiwar ta tsotse shi. Iyakar da aka ƙayyade wa babba miligiram 400 ne a yini, ga ƙwaya ɗaya ta kasuwa mai 225. Wuce iyaka na jawo farfaɗiya, dogon sha kuma kan iya ƙara wa jijiya kaifin jin zafi. Shi ya sa idan ɗan acaba ko manomi ya zo yana son bari, da bayansa da gwiwarsa nake fara tambaya, sannan mu tsara da likita yadda zai rage a hankali.